Agogon da Ya Auna Jinin Albasa

Kun daɗe kuna tambayata abin da albasa take yi a kan teburin mai gyaran agogo, tsakanin hantsaki da kwalbar mai. Wasunku sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wasu suka ce asiri ne na kiran kasuwa. Wace kasuwa? Ku dubi rumfar nan da kyau. Tun safe in ban da ƙuda ba abin da ya shigo. To ku gyara zama in faɗa muku, tunda ku a wurinku gyaran agogo ba komai ba ne, a ɓalle marfi, a sa batir, a miƙa wa mai shi.

Agogon farko da aka yarda na taɓa na wani mahauci ne, irin mai wani, wanda sai an murɗa shi kowace safiya. Kitse da gumi sun cika masa ciki har ya daina motsi. Maigidana Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, rumfarsa tana nan cikin kasuwar Jega, bayan masu sayar da tabarmi. Na daɗe a wurinsa ba na komai sai shara da kallo. Ran nan ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya miƙo mini gilashin ido ɗaya, ya ce in warware agogon in jera kayan cikinsa yadda na fiddo su. Akwai sukurun da in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi, ka wuni a durƙushe kana nemansa da maganaɗisu. Akwai wani siririn ƙarfe a naɗe, bai fi gashin jariri kauri ba, in ka lanƙwasa shi ka gama da agogon mutane. Da fetur ake wanke su a murfin kwalba, da gashin kaza. Mai kuwa da bakin allura ake ɗiga shi, in ya yi yawa ka sha ranƙwashi. Da na haɗa shi, Malam ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya kara mini a nawa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce mini: "Garba, agogo ba shi ƙarya da gangan. In yay yi jinkiri akwai dalili, kuma dalilin na nan ciki, kana iya ganinai da idonka." A kan wannan magana na gina sana'ata.

Mun ga jama'a a lokacin. Ladanin wani masallaci a Maiyama yakan rungumo agogon bango a cikin zane kamar mai goyon jinjiri, don in ya ɓata an ɓata wa unguwa guda sallar asuba. Fulanin wajen Kuberi sukan zo da manyan agogai masu nauyi, wasu ba lokaci ya dame su ba, rana na nan tana faɗa musu, ƙarar kawai suke so a gyara. Manoman Aliero kuwa in an cire albasa, kowa sai ya ɗaura sabo, ya kawo tsohon a wanke wa ƙane. Sai ga shekarar da waya ta shiga hannun kowa. Kai, ba zan manta da ita ba. Mutum ya tsaya a gaban rumfata, ya zaro waya daga aljihu ya duba lokaci, ya wuce. Abokan sana'ata ɗaya ya koma kabu-kabu, ɗaya ya koma tallan katin waya, ɗaya ya koma ƙauye ya kama fartanya. Ni na tsaya, ina canja batir da maɗauri. Na ɗauka ƙarshen lalacewa ke nan. Ashe ban ga komai ba.

Na farkon irin waɗannan agogan masu layin waya, wata mata ce daga Liba ta kawo mini shi. Ta saya wa mahaifiyarta ne, tsohuwa mai raunin ido, an ce mata shi kaɗai waya ne, ba ya bukatar wata waya a kusa. Abin da take so kaɗan ne: a sa mata karatun Alƙur'ani a ciki, da abin da zai riƙa kiran salla in lokaci ya yi. Na juya shi ina neman sukuru, babu ko ɗaya. Da gam aka manne bayan. Na ɗumama shi na ɓanɓare da reza, na sa gilashi a ido. Me zan gani? Wani ɗan batir kamar ƙwayar gyaɗa da aka taka, da ɗan allo, a tsakiyarsa an ɗiga baƙin ƙaro an rufe duk abin da ke ciki. Ba abin da ke motsi, ba abin da za ka wanke, ba abin da za ka cire ka sa wani. Na ɗauka na kai wa ɗayanku, ku masu kwamfuta, ya jona ya yi ta danne-danne har ya gaji, ya ce mini ƙwaƙwalwar a toshe take, abin da aka zuba mata tun daga inda aka ƙera ta shi ke nan, ba a ƙara mata manhaja, ba a rage mata. Hotunan da ke fuskarsa kuwa, masu kama da na manyan wayoyi, rabinsu zanen ƙofa ne a jikin bango. Ka danna wannan ya yi shiru, ka danna wancan ya ce ka nemo babbar waya ka haɗa. Matar ta ce, "To Malam, yanzu mi zan ce ma tsohuwa?" Na manne mata bayan da gam na ba ta abinta.

Daga nan suka yi ta zuwa, kowa da kukansa. Wannan ya ce saƙon murya da 'ya'yansa ke aikowa ba ya shiga. Ba zai shiga ba. Wancan ya ce da ya wuce Maiyama ya nufi daji sabis ya ɗauke, alhali 'yar ƙaramar wayar ƙanensa tana kira. Haka yake, tsohon layi kaɗai ya sani, shi ma da ƙyar. Wani makiyayi ya zo yana dariya, wai agogon ya ce ya yi tafiyar ƙasa mai nisa, shi kuwa a kan babur ya wuni. Ruwan alwala ya kashe da yawa, don a kwalin an zana shi cikin ruwa, mutanenmu kuma sau biyar suke wanke hannu har gwiwa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne caji. In ka yi kira biyu uku, kafin la'asar ya mutu. In ya farfaɗo kuma, wasunsu sun manta lokaci, sai ka ga sun tashi a tsakiyar daren wata shekara da ta daɗe da wucewa. Agogo fa! Agogon da sai ka tambayi maƙwabci ƙarfe nawa ka faɗa masa. Duk wannan hasarar kuɗi ce da ɓacin rai, ana haƙuri. Maganar Ummaru ce ba ta haƙuri ba.

Ummaru ɗan goggona ne, taubashina, manomin albasa a Jiga Maƙera. Tun muna yawo ba wando ba mu taɓa yi wa juna magana miƙaƙƙiya ba. Ya ce ni bawansa ne, in ce shi ne nawa. In ya yi sabuwar riga in ce ta gawa ce ya aro, in na yi aure ya ce an tausaya mini ne. Haka muka tsufa. Hawan jini ya kama shi, jiri ya taɓa kayar da shi a bakin rijiya, aka kai shi asibiti a Aliero, suka ɗora shi kan ƙwayoyi na kullum, suka ce ya riƙa zuwa awo. Ummaru ya tsani ƙwayoyin nan. Ya ce suna sa shi fitsari kamar akuya, suna kashe masa jiki lokacin ban ruwa. Amma yana sha, don matarsa Kulu ba ta ɗaga masa ƙafa.

Ɗansa na fari, Sanusi, yana kudu yana sayar da albasar da ake lodawa daga nan. Kun san yadda dattawanmu suke da ɗan fari. Ummaru bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, "wancan na kudu" yake cewa. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba yana ƙarami. In Sanusi ya bugo waya, "Lahiya?" "Lahiya lau," sai ya miƙa wa wani. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ni da na san shi na san duk cikin 'ya'yansa ba wanda yake ji kamar wannan. To Sanusi ne ya ba direban motar albasa agogo ya kawo wa ubansa. Mai shagon da ya sayar masa ya ce yana kira, yana auna jini, tsoho ba sai ya riƙa wahalar zuwa layin asibiti ba.

Ranar kasuwa sai ga Ummaru, ya naɗe hannun riga har dantse, yana tafe yana ɗaga hannu kamar mai gaida sarki. Ya dire 'yar jakar albasa da yakan kawo wa iyalina.

"Bawana, taso ka ga abin da yak kashe sana'arka."

"Wa yab ba matsiyaci aron agogo?"

"Wancan na kudu," ya ce, yana kallon wani wuri, amma bakin ya ƙi rufuwa.

Ya danna, wata koriyar wuta ta riƙa ƙyaftawa a bayan agogon, can sai lamba ta fito. Ɗari da ashirin bisa tamanin. Ya kai mini har hanci.

"Malamin asibiti yac ce nan aka son jini shi tsaya. To ga shi ya tsaya. Sahe da marece haka shika ba ni. Na aje ƙwayoyin ga, na huta."

Na buɗe irin wannan agogon ba ɗaya ba, ba biyu ba, na san abin da ke bayan koriyar wutar nan. Ƙwan fitila ne kawai. Ba abin da ke kallon jini, ba abin da ke jin bugun zuciya, lambobin a rubuce suke a ciki, yana zaɓo ɗaya ya nuna maka. Na ce ya kwance ya ba ni. Na sa hannu a jakarsa na zaro albasa babba, ja, na ɗaura mata agogon, na danna. Wutar ta yi ƙyafce-ƙyafcenta. Lamba ta fito, kusan irin tasa. Har da hoton zuciya tana bugawa.

Maƙwabtan rumfa suka taso, masu wucewa suka tsaya, aka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta kashe maganar. Kowa a layin nan ya san ni da Ummaru, kowa ya ɗauka sabon salon tsiya ne na ɓullo da shi. Shi ma ya fi kowa dariya, har da riƙe ciki.

"Albasata ta, dole ta yi lahiya! Ni nin noma ta. Ɗaura ma taka mu gani, in kana da gona."

"Ummaru, wallahi ba wasa nika yi ba. Abin ga ba shi auna komi. Koma ma maganinka."

"Ku ji shi, hassada! An kashe mai kasuwa."

Na ɓata fuska, ya ce na iya wasan kwaikwayo. Na ɗaga murya, aka ƙara dariya. Shekara da shekaru duk abin da ya fito daga bakina zuwa kunnensa tsokana ce, yau ta yaya zai bambance? Da wani bare ne ya ɗaura wa albasar nan agogo, da wataƙila ya tsaya ya yi tunani. Da mutane suka watse, ya karɓi abinsa, ya goge fuskar da bakin riga, ya ɗaura a hankali. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, ba dariya a ciki:

"Garba, abin da yaron ga yat taɓa ba ni na hwarko ke nan da kuɗinai. Kak ka koma."

Rabon da ya kira ni Garba har na manta. A nan na gane ba maganar jini muke yi ba.

Ban zauna ba. Na hau mota na je Jiga na sami Kulu. Ta ce kullum tana ajiye masa ƙwaya kusa da kunu, sai ya danna agogo ya nuna mata, ya ture. Na roƙi wani mai kemis da ke da abin awo na gaske, mai matse dantse, ya tare shi ranar kasuwa. Ummaru ya ce yana da nasa, wa ya aike shi. Sai na nemi lambar Sanusi na kira shi, na faɗa masa komai har da albasar. Ya ce a gabansa mai shago ya gwada, ya ga lamba ta fito, shi ya sa ya saya. Na ce to ka kira tsohonka ka ce ya cire, kai kaɗai zai ji.

"Baba Garba, ni ƙaƙa zan ce ma Baba shi cire? Tunda nike ban taɓa ce mai yi ko bari ba. Kuma in ce abin da nib ba shi na banza na?"

Ya ce in an fara cirar albasa zai zo da kansa, ya taho da abin awo na gaske, ya sa a kai shi asibiti ba tare da an ce komai a kan agogo ba. Uban ba zai iya cire kyautar ɗan ba, ɗan ba zai iya ce wa uban ya cire ba, ni da zan iya faɗa kuma ba a jin tawa. Aka bar shi sai cira.

Cirar ta zo cikin zafin bazara, kafin Sanusi ya iso. Ummaru yana can ƙarshen lambu da tsakar rana, 'yan aiki sun tafi inuwa cin abinci. Nan ya faɗi tsakanin fangali. An ce masa in wani abu ya same shi ya danne maɓallin gefe, agogon zai kira Sanusi da kansa. Da aka tsince shi, hannunsa na dama yana kan maɓallin. Agogon ya mutu tun da hantsi, don tun da sassafe yake ta auna 'yan aiki ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu duk lafiyarsu lau. Sai da aka idar da azahar ba a gan shi a sahu ba, sannan aka bi sawu. Aka kai shi Aliero, daga can aka wuce da shi Birnin Kebbi. Ya rayu. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi sai kaɗan.

Da aka dawo da shi gida na je. Yana kwance a zaure kan tabarma, warin albasa ya cika gidan, an tara ta ba mai kula da ita. Sanusi yana tsugune daga waje, jikin bango, kansa a ƙasa, ko yanzu ba ya iya zama kusa da uban. Agogon yana ɗaure a hannun da ya mutu. Kulu ta ce in aka cire sai ya yi ta gurnani ya ƙi cin abinci, dole kullum ta aika a yi masa caji a maƙwabta a dawo da shi. Na zauna, na daure na ce:

"Bawana, kwance kake ana aiki? Wa zai yi min noma bana?"

Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙa hannun dama a hankali, ya lalubo agogon, ya danna. Koriyar wutar ta hau ƙyaftawa a kan fatar da ko tsunkulinta ka yi ba ya ji. Lamba ta fito. Ya kama mataccen hannun da mai ran, ya ɗago shi, ya juyo mini da fuskar agogon. Ɗari da ashirin bisa tamanin. Bakinsa ya yi ta motsi, yawu na zuba, da ƙyar kalma ɗaya ta fito.

"Albasa."

Na zauna ina jira ya ƙara da zagi, ya ce matsiyaci, ya ce bawa, ko me. Bai ƙara ba. Tunda muke bai taɓa yarda da maganata ba sai ran nan, kuma wallahi na fi son ya ƙaryata ni. Na yi kuka a zauren nan, ban ɓoye ba.

Da na fito, Sanusi ya bi ni har bakin hanya. Ya ce tunda tsohon ya ƙi rabuwa da shi, ko zan karɓa in buɗe in gyara, ya riƙa faɗin gaskiya. Na ce masa ɗana, da ɓaci ya yi da na gyara. Bai ɓaci ba. Haka aka yi shi. Malam Tukur ya koya mini in nemo dalili a ciki in cire, wannan kuwa ba komai a cikinsa da hantsakina zai kama.

Tun daga ranar nake ajiye albasa a teburin nan, in ta fara tsiro in canja wata. Duk wanda ya kawo mini irin agogon sai na ɗaura mata ya gani da idonsa. Jiya ma wani ya zo daga Maiyama da sabo fil a kwali, ya saya wa mahaifiyarsa mai hawan jini. Na ɗaura wa albasa, lamba ta fito, na ba shi labarin Ummaru tun daga farko. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce lallai Baba ka iya barkwanci. Sannan ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba, hannun tsohuwar siriri ne, maɗaurin ya yi mata yawa, in ƙara masa huda ɗaya.

Na ce ba zan huda ba. Ya ɗauki abinsa ya tsallaka wurin mai gyaran takalmi, ina kallo aka huda masa.